Sarauniyar da Ta Ɓace a Gidan Wayar Podmel

A Podmel ana satar kaza a yi dariya, ana satar itacen wuta a sasanta a gidan giya. Ƙudan zuma kuwa ba a taɓa su. Shi ya sa ranar Lahadin da Polona mai gidan waya ta dawo daga coci ta tarar da tagarta wayam, ta fito tsakiyar hanya tana cewa an sace sarauniyar Baba Valentin, mutane suka tsaya cirko-cirko cikin kayan Lahadinsu, kowa yana satar kallon maƙwabcinsa.

Abin da aka sace bai fi tafin hannu ba. Ɗan akwatin katako ne mai murfin ragar waya, a ciki akwai sarauniyar zuma guda da 'yan rakiyarta, da ɗan curin sukari da aka kwaɓa da zuma don guzuri. Baba Valentin, tsohon da ya fi kowa amya a kwarinmu, shi ya kawo shi ranar Asabar don a aika wa ɗansa tilo, Ciril, wanda ya tafi Amurka haƙar ƙarfe shekaru da dama da suka wuce. Keken doki mai ɗaukar wasiƙu zai tashi ranar Talata, kuma shi ne na ƙarshe da zuma za ta iya bi kafin sanyi ya sauko daga duwatsu. In ba a samu sarauniyar da rai kafin nan ba, sai baɗi. Duk wanda ya ji tarin Baba Valentin kuwa ya san ba a yi masa alkawarin baɗi.

Ba wanda ya ce a kira jandarma daga garin Kranj, don me jandarma ya sani game da zuma in ba shan ta ba? Lovro aka kira. Mai bin sawu ne, ya bi na barewa, ya bi na kyarkeci, ya bi na saniyar da ta ɓata a kan dutse, kuma shi ke gano zumar daji a kogon bishiya. Mutum ne mai nauyin baki, kullum idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Ya shiga ɗakin da Polona ta mai da gidan waya, ya dubi aljihun teburin kuɗi, ya dubi kan sarki a jere ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Me ya sa kika bar shi a bakin taga, Polona? Ba ga akwatin ƙarfe nan ba?"

"Ka ji ka da wata magana!" in ji ta, tana share ido da gefen gyalenta. "In kulle mai rai a akwatin ƙarfe? Zo in sa ka ciki mu ga yadda za ka kwana."

"To a ina aka san abin da ke ciki?"

"Wa zai gani bai sani ba? Ai doka ce ta ce a bar shi a fili." Nan ta miƙe tsaye, don Polona in ana maganar dokar waya muryarta takan koma irin ta limamin coci. "Ba dokata ba ce, ta ƙasashe ce, su suka zauna suka yarda da ita. Murfi ya zama raga, don kowane ma'aikaci ya leƙa ba sai ya buɗe ba. Ba a liƙe shi da kaki. Kada ya rinjayi wancan ƙaramin dutsen tagulla da ke kan ma'auni. Kuma ba a sa rubutu a ciki, ko da gaisuwa ce, in an gani a dawo da shi. A baya kuma a rubuta cewa samfur ne mara daraja."

"Mara daraja? Sarauniyar Valentin?"

"Haka ake rubutawa, shi ya sa kuɗin tafiyarta bai fi na burodi biyu ba. In ta ɓace kuma ba mai biyan ko krajcar ɗaya, ƙaramin kwabon nan namu."

Lovro ya tambaye ta ta ina akwatin zai bi. Ta ce keken doki zai kai shi tasha, jirgin ƙasa ya ratsa da shi ƙasarmu da ta Jamusawa har bakin teku a Bremen, jirgin ruwa ya ƙetare da shi, can kuma wani jirgin ƙasan ya karɓa, har ya isa hannun Ciril a wani gari mai sunan da ita ma ba ta iya faɗa ba. Shi Lovro iyakarsa birnin Ljubljana, sau ɗaya, kuma ƙafafunsa sun yi kwana da kwanaki suna tuna masa. Mutane nawa ne za su riƙe ɗan akwatin nan, waɗanda ba su san Valentin ba, ba sa jin yaren juna, sarakunansu ma ba sa ga maciji, amma kowa ya miƙa wa na gaba saboda 'yar takardar da aka manna a kai? Abin ya fi ƙarfin kansa, ya kuma ba shi wani irin tsoro mai daɗi.

Ya fita ya durƙusa a gindin taga, inda Polona ta shuka furanni. Ƙasar da laushi. Sawun takalmin katako ne, irin wanda kowa ke sawa a garin, namiji da mace. Mai shi bai shiga ɗaki ba, daga waje ya miƙa hannu. Lovro ya bi sawun a hankali. Takun gajeru ne, a jere, ba wanda ya fi wani nisa. Da sawun ya iso kwatar da yara ke tsallakewa da ƙafa ɗaya, sai ya kauce, ya zaga har inda aka gitta katako, ya haye ta nan.

"Wannan ba gudu ya yi ba," ya gaya wa Polona. "Tafiyar mai ɗauke da kwano cike da madara ya yi. Yana tsoron kada ya girgiza ta."

"To ai ka gama! Mai zuma ne."

"Ki nuna mini gida ɗaya a Podmel da ba mai zuma."

Sawun ya hau hanyar duwatsu, inda ƙafafun 'yan coci suka tattake komai, ya ɓace.

Bakin mutane ya riga ya yanke hukunci a kan Ignac, mai keken wasiƙu. Kowa ya ji shi a gidan giya yana rantsuwa cewa akwatin zuma na gaba da za a ba shi, kogin Sava zai ci shi, tun randa ƙudan suka yi wa dawakinsa taron dangi har keken ya kusa kifewa. Lovro ya same shi kwance a kan ciyawa a bargarsa, hula a fuska.

"Ignac, tashi. An ce kai ne."

"An ce uwata ma mayya ce," in ji Ignac, bai ko ɗaga hular ba. "Kai Lovro, da ni ne da ban wahalar da kai ba. Da ka ga akwatin yana iyo a ƙarƙashin gada, ni kuma ina tsaye a kai ina ɗaga masa hannu."

"Ka je coci yau?"

"Na yi niyya. Ƙafata ce ta ƙi."

Lovro ya dubi ƙafar. Takalmin Ignac ya kusa ninka sawun gindin taga, kuma Ignac tun da aka haife shi bai taɓa zagaye kwata ba, sai dai ya faɗa ciki. Ya bar shi da barcinsa.

Na biyu shi ne Florijan, mai sayar da sarauniyoyi har Masar da Rasha. Ya daɗe yana kwaɗayin irin zumar Valentin, masu launin toka da sanyin hali, waɗanda ake buɗe amyarsu hannu tsirara. Ya taɓa tayin saniya a kan amya guda, tsoho ya ce ya je ya tatsi abarsa. Lovro ya same shi yana goge katakon gaban amyoyinsa masu zanen waliyyai.

"Na san abin da ya kawo ka, maƙwabci," in ji Florijan. "Amma ka tambayi duk wanda ya je coci. Ni na ja waƙa daga farko har ƙarshe."

"Na ji. Har a bakin daji na ji. Karnukana ma sun taya ka."

Florijan ya tuntsire da dariya, sannan ya tsuke fuska. "Ina son ta, ba zan ɓoye ba. Amma in saci zuma? In mutu a binne ni a ina? Ni dai tsohon nake tausayi, bai san abin da yake yi ba. Ka taɓa ganin ɗan kwarin nan da ya kafa amya a wani wuri ya dawo? Muddin Ciril ba shi da zuma a can, baƙo ne. Randa sarauniyar nan ta isa hannunsa, ya yi gida ke nan."

Maganar ta bi Lovro har ƙofar gidan Valentin.

Tsohon yana zaune a gaban rumfar amyoyinsa, bargo a kafaɗa. Ya rame ƙwarai. Ya kama hannun Lovro da hannu biyu.

"Ɗana, ƙudan nan irin kakana ne. Ba ni da gona mai kyau da zan bar wa Ciril, ba ni da komai sai su. Na yi komai yadda ake yi. Kafin in cire ta na bi amya ɗaya-ɗaya na ƙwanƙwasa, na gaya musu 'yarsu za ta ƙetare teku, kada su yi fushi. Me na manta?"

Haka al'adar take a wurinmu. Haihuwa, aure, mutuwa, tafiya, duk sai an gaya wa zuma, in ba haka ba su yi yaji su bar gidan.

Matarsa, Inna Marjeta, ta kira Lovro ciki ta ajiye masa burodi da zuma, ta koma kan saƙarta ba ta dube shi ba. A kwandonta akwai safa guda da aka gama, mai launin toka da jar dunduniya. Duk kaka takan saƙa wa Ciril sababbi don ranar da zai dawo, duk garin ya sani.

"Inna, Ciril ya koma mai ƙafa ɗaya ne?"

"Kyanwa ce ta ja 'yar'uwarta," in ji ta a gajarce. "Ci ka tafi, kana tsare mini haske."

Washegari Lovro ya daina kallon ƙasa, ya koma kallon sama. Ya zauna a kan shingen bayan gari da 'yar tasa mai ruwan zuma da ɗan garin alkama a aljihu. A wannan lokaci na shekara duk zumar Podmel gabas take yi, zuwa gonakin ajda, hatsin nan mai farin fure. Ya daɗe yana kallonsu suna wucewa. Can sai ya lura da wasu 'yan tsiraru da suke karkata arewa, wajen tudun da ba fure ko ɗaya, sai duwatsu da dogayen itatuwan da ake kira fir. Ya jawo kaɗan daga cikinsu da ruwan zumarsa, ya barbaɗa musu gari a baya don ya riƙa ganinsu, ya sake su. Wasu suka yi gabas. Biyu suka yi arewa, farare fat a cikin hasken rana. Ya bi su har suka ɓace masa, ya zauna, wasu suka zo, ya sake bi.

A ƙarshe kunnensa ne ya kai shi. A kwanar tsohuwar hanya akwai ɗan ɗakin addu'a na dutse, mai siffar Maryamu a ciki, inda tsofaffin mata ke ajiye furanni. Yau ba a ganin siffar. Zuma ta rufe ta daga kai har ƙafa, ta rufe bangon, tana motsi a hankali, ƙararta tana fitowa daga ramin dutsen mai zurfi kamar ana rera waƙa a coci da baki rufe. Lovro, wanda ya taɓa tsayawa ido da ido da kyarkeci bai ji komai ba, ya tsaya cak. Ya cire hula. Ya daɗe a tsaye kafin ya iya matsawa.

Ya zura hannu a hankali bayan siffar, zumar tana tafiya a kan yatsunsa ba ta harbe shi ba. Akwatin yana nan. An juya ragar ta fuskanci inda rana ke fitowa. An shafa mata zuma sabuwa, wadda ƙanshinta ya kira duk wannan taro. An liƙa ɗan ulu jiƙaƙƙe da ruwa a gefe, kuma bai bushe ba, wato da safen nan aka sa shi. A ciki sarauniya tana zagayawa cikin 'yan rakiyarta, doguwa, lafiya lau. Akwatin kuwa an cusa shi cikin safa don kada sanyin dutse ya taɓa shi, safa mai launin toka da jar dunduniya.

Lovro ya zauna a bakin hanya da akwatin a tafin hannu, zuciyarsa ta yi masa nauyi. Ya fi son a ce Ignac ne ya ɗauka.

Ranar Talata da hantsi ya tara su a gidan waya. Keken Ignac yana ƙofa, dawakai suna buga ƙafa. Florijan ya zo, Baba Valentin ya zo yana dogara sanda, Inna Marjeta tana riƙe da gwiwar hannunsa. Sauran gari suka cika taga da ƙofa. Lovro ya fito da akwatin daga cikin rigarsa, har yanzu a cikin safar, ya ajiye a kan tebur.

"Tana da rai," in ji shi. "Wanda ya ɗauke ta ya so kada ta tafi. Da baƙo ne, da ya jefa ta a kogi, da ba wanda zai taɓa sani. Amma ɗan garin nan ne, bai iya ba. Ya ɓoye ta, sannan ya kasa barci, ya koma ya ba ta abinci, ya ba ta ruwa, ya rufa ta. Abincin nan shi ya tona masa asiri. Ni ba zan kira suna ba."

Ba a buƙaci ya kira ba. Baba Valentin yana kallon safar. Ya san wannan jar dunduniyar fiye da yadda ya san tafin hannunsa.

"Marjeta," ya ce a hankali. "Ke?"

Ta saki hannunsa. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ni ce, tsoho. Ka bi amya ɗaya-ɗaya ka ƙwanƙwasa, ka gaya musu. Na gan ka ta taga. Ka gaya wa zuma, ni ba ka gaya mini ba. Sai a bakin Polona na ji, a kan hanyar coci, kamar wata baƙuwa."

"Na san za ki hana."

"Da na hana mana! Kai kana aika masa gado, ni kana ƙwace mini ɗa. In ta isa can ba zai dawo ba, kai ma ka sani."

Ignac ma ya cire hularsa. Baba Valentin ya yi tari mai tsawo, da ya lafa ya ce, "Ba zai dawo ba ko da ita ko babu ita, Marjeta. Na daɗe da sani. So nake in na tafi, ya zama akwai wani abu namu da ke kwana a bayan ɗakinsa."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ta daɗe tana kallon akwatin, sarauniyar tana kai da kawowa a bayan raga. A waje doki ya yi haniniya.

"Polona," in ji ta, "auna shi da safar. A can ma ana sanyi."

Polona ta ɗora a ma'auni. Akwatin ya rinjayi dutsen tagulla.

"Inna, ya yi nauyi. Kuma dole a bar ragar a buɗe. Ki yafe ni, ba ni na yi dokar ba."

Marjeta ta zare safar da kanta. Ma'auni ya daidaita.

"To in sa masa 'yar takarda? Kalma biyu kawai."

"Ba a sa rubutu, Inna. In suka gani a kan iyaka, za su dawo da ita, kuma ba za ta iso da rai ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ɗauki akwatin da hannu biyu, ta ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa a hankali, yadda ake yi wa amya. Sannan ta kai bakinta daf da ragar ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ta daɗe tana yi. Ba wanda ya ji abin da ta ce, ba kuma wanda ya yi motsi. Lovro yana kusa da ita, ya ga ƙudan sun taru a jikin raga inda numfashinta ke sauka, sun yi lamo. Duk ma'aikatan da ke tsakanin nan da bangon duniya za su leƙa akwatin nan su ce ba komai ciki sai zuma.

Polona ta buga hatimi. Marjeta ba ta yarda kowa ya karɓa ba, ita ta fita da shi, da gajerun takunta a jere, ta miƙa wa Ignac.

"Kai mashayi, in ka girgiza ta, ni da kai ne."

"Inna, a ƙirjina za ta zauna har tasha," in ji Ignac, ya kuwa sa ta cikin rigarsa, shi da ya yi rantsuwa da kogi.

Keken ya tashi a hankali, abin da ba a taɓa gani ba a hannun Ignac. Lovro ya bi sawun ƙafafunsa da ido har kwanar gada, ya san wannan sawu ne da ba zai taɓa bi har ƙarshensa ba. Da ya juyo, ya ga Inna Marjeta ta zaro ɗaya safar daga aljihun gabanta, ta haɗa ta da 'yar'uwarta, ta naɗe su yadda take naɗewa duk kaka kafin ta sa a akwatin da take ajiye wa Ciril kaya. Ta riƙe su jim kaɗan. Sannan ta tura su cikin hannun mijinta.

"Ungo, tsoho," in ji ta. "Sa abinka. Ƙafarka ce a kusa."